Dokin Ƙofar Garejin Mato

Duk wanda ya bi hanyar Kibiya daga Rano zai ga wani gini na ƙasa mai ƙatuwar ƙofa. Baƙo kan zaci masallaci ne, alhali gareji ne. Malam Dalhatu magini kuwa ba ya gajiya da faɗin wanda ya gina shi, wato mahaifinsa Mato.

Wani attajirin gyaɗa ne ya sayi babbar mota, ya ce a yi mata ɗaki. Mato bai taɓa gina wa mota ɗaki ba, sai ya yi yadda ya saba: tubali, bakan gizo biyu, rufin azara, indararo huɗu. Har dokin ƙofa ya ɗora mata mai kai gwiwa, saboda ruwa da awaki. Da motar ta iso, dokin ƙofar ya hana ta shiga, ta tsaya a waje. Aka sare wa tayoyi hanya biyu, aka bar na tsakiya, yana nan har yau.

Shekara arba'in Dalhatu yana hawa ya yaɓe rufin kowace bazara, ba tare da an sa shi ba. Mutum ne mai faɗa, amma ni ina sonsa.

Bana gwiwarsa ta ƙi. Alhaji Uzairu, jikan attajirin, ya same shi zaune a kan guntun dokin ƙofar.

"Baba, tunda ba mai hawa, a yaye rufin a sa kwano kafin damina ta rushe shi."

"Ka ba ni kwana bakwai, Alhaji."

Dalhatu bai roƙi kowa ba. Kullum sai ya kwaɓa ƙasa da makuba ta ɓawon ɗorawa a bakin garejin, ya zauna yana kallon tsani. Direbobin Kibiya da ke shan sanyin wurin da rana suka yi ta kau da kai. Ran na biyar Sagiru direba ya tuɓe takalmi.

"Baba, in na ɓata kada ka zage ni."

"Zan zage ka. Hau."

Mutum shida suka hau, ya zage su duka. Yaɓen ya fito duk shatar yatsu.

Ruwan farko ya sauko da la'asar. Dalhatu ya tsaya a tsakiyar garejin ya buɗe tafin hannu yana jiran ɗigo, indararo na ta zuba a waje. Ya daɗe a haka. Sannan ya shafa busasshen hannun a fuska, ya ce, "Allah ya jiƙan Mato."