Shokozoban Baba Jatau da kiret biyu na baragurbi

Wata rana ina gareji ana duba min mota, na ga ramuwar da har yau in na tuna sai na ji sanyi a raina.

Akwai wani dattijo, Baba Jatau. Da tsohuwar Fijo yake ɗauko ƙwai daga gona yana kai wa wani gidan burodi. Motar ta girme ni, amma tafiyarta lumui. Ko ƙwai ɗaya ba ya fashewa.

Ya kai ta a gyara masa birki wajen wani bakanike, Sallau.

Washegari ya yi lodi. Ramin farko da ya faɗa, bayan motar ya yi tsalle ya dire. Kafin ya isa gari, rabin ƙwan ya zama ruwa.

Mai gidan burodi ya ce in aka sake haka, zai nemi wani. Kuma da wannan aikin kaɗai Baba yake ciyar da gidansa.

Ya koma wajen Sallau. Sallau ya leƙa ƙarƙashi, ya girgiza kai, wai shi mai tausayi. Ya ce shokozoban baya ne suka mutu, wato ƙarafan da ke shanye girgizar hanya. Kuma kamfani ya daina yin irinsu tuntuni, amma zai cigita.

Sati biyu Baba yana rarrafe a hanya, yana kai ƙwai a makare, yana shan faɗa.

Sai ga Sallau ya kira: an samo! Wai daga Legas aka turo, da ƙyar da siɗin goshi.

Baba ya ɗauki ɗaya ya juya. Ya sha sabon fenti, sai ƙyalli. Ya kankare gindinsa da farce.

Ɗigo uku.

Ashe Baba irin direbobin da ne. Duk ƙarfen da ya saya wa motarsa sai ya buga masa ɗigo uku da ƙusa.

Jama'a, kayansa ne! Ranar gyaran birki aka kwance su aka ɗaura masa matattu, yanzu kuma ana son a sayar masa da abinsa. Kai, wasu mutane ba tsoron Allah a ransu ko kaɗan.

Da ni ne, wallahi da an ji mu har bakin titi. Baba kuwa ya ajiye masa ƙarfen. Ya ce zai dawo Asabar.

Ranar Asabar ɗin ce da hantsi nake garejin. Sallau ya ci farar shadda, ya kafa hula, zai tafi ɗaurin aure. Baba ya iso da kiret biyu na ƙwai, ya ce tukuici ne. Ya ce wa Sallau ya shigo mota ya kai shi gida ya ajiye, amma ya riƙe a cinya, tunda ya san halin da bayan motar yake ciki.

Kwaɗayi ya ja Sallau ya shiga, baki har kunne.

Bai san baragurbi ba ne, ruɓaɓɓen ƙwai da Baba ya kwana uku yana tsinta a gona.

Baba bai nufi gidan kowa ba. Hanyar masu fasa dutse ya ɗauka, wadda ko tifa tana jin jiki. Ya taka mota. Duk ramin da ya gani sai ya gaishe shi.

Bayan minti ashirin suka dawo. Warin ne ya fara shigowa gareji kafin motar.

Sallau ya faɗo waje, shadda ta koma ruwan ɗorawa tun daga ƙirji har takalmi, yana kakarin amai.

"Haba Baba! Kashe ni za ka yi? Motar nan ai ba shokozoba!"

"Akwai, ɗana. Ga su can a shagonka, da ɗigo uku a gindinsu."

Kanikawa suka taru.

Shugaban kanikawa ya sa aka ɗauko su. Baba ya nuna masa irin ɗigon a sifirin, a jak, har a sifanar taya. Magana ta ƙare.

Shugaba ya ce Sallau ya mayar da su yanzu, da hannunsa. Sallau ya roƙi a bar shi ya canza kaya.

Baba ya ce a'a, a haka.

Na tsaya na kalla har ƙarshe, ina toshe da hanci. Mutum kwance a ƙarƙashin mota cikin shadda, ƙudaje sun yi masa rumfa. Ban ji tausayinsa ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na ji ba.

A satin aka kore shi daga garejin. Baba kuwa har yau shi yake kai wa gidan burodin ƙwai.

Darasi: Wanda ya damƙa maka motarsa, abincin iyalinsa ya damƙa maka. In ka cuce shi ya yi shiru, kada ka ɗauka bai gane ba. Wataƙila baragurbi yake tara maka.

Ka yaɗa wannan ya kai ga kowane direba. In kuma kana da bakaniken da kake zargi, tura masa, kada ka ƙara ko kalma ɗaya.