Jakin da Ya Riƙe Mini Kai

A zamanin Nasara na koyi kitso wurin gwaggona a Maraɗi. Hannunta zafi gare shi, amma mata layi suke mata, domin bakinta ba ya hutawa. Takan ce labari ne ke riƙe kai, hannu kitso kawai yake yi.

Kan farko da ta ba ni na wata mai sayar da albasa ne daga Jiratawa, mace mai gajen haƙuri. Na san in ta tashi da rabin kitso babu wadda za ta sake miƙo mini kai a unguwar.

Na ɗauko labarin wani mutumin Tsibiri da jakinsa. Sai na fara da kakansa, da inda aka haife shi, da gonakin da ya bari. Ban gama layi uku ba matar ta soma mutsu-mutsu tana lalubar kallabi.

"Ke ɗiya, abokan tahiyata za su wuce," in ji ta.

Gwaggo ko kallonmu ba ta yi ba, ta ce, "Ba jakin nan ba ne da ya shiga garkar kumandan, lambun Nasaran nan mai mulki, ya cinye mishi salati?"

Kallabin ya koma cinya. "Garkar kumandan? To mai jakin hwa?"

Nan na gane. Na bar kaka a kabarinsa. Na ce mutumin ba shi da komai sai jakin nan. In ya je karɓa a ɗaure shi, in ya ƙi ya rasa abincinsa. Kowane layi na kama sai in ƙara masa wata wahala. Ina jan gashi da ƙarfi, matar ko motsi ba ta yi ba. Daɗi ya kama ni har na manta da tsoro.

Na ɗaure layin ƙarshe daidai lokacin da mutumin ya ɓad da kama cikin zanen matarsa ya tsallaka dangar garkar, jakin ya gane shi ya ɓarke da kuka. Na buɗe baki zan ƙarasa, Gwaggo ta mintsine ni.

"Kitso ya ƙare. Sai wannan ya tsufa, ƙawata."

Matar ta tafi tana mita. Kasuwa na zagayowa sai ga ta da kai a tsefe, kitson ko tsufa bai yi ba. Gwaggo ta gyara mata tabarma, amma matar ta wuce ta, ta zauna gabana.

"Kama, ɗiya. Mi ya samu jakin?"