Tumakin da Na Zuba a Cikin Kwamfuta

Ko da zan manta da duk abin da ya same ni a wannan sana'a tamu ta rubuta manhaja, ba na jin zan manta da ranar da na fara shiga gasa a Ƙauran Namoda. Shekaru sun ja, na zauna gaban kwamfutoci iri-iri, amma har yau in ranar ta faɗo mini sai kunya da dariya su taso mini tare.

Ni ɗan manoma ne daga Birnin Tsaba. Gero da dawa muka tashi muka tarar ana nomawa a gidanmu, kuma ba wanda ya taɓa zaton wani daga cikinmu zai nemi abinci ta wata hanya. Da na gama firamare aka kai ni Zurmi wurin kawuna, malamin makaranta, don in yi sakandare. A can na fara jin cewa duk abin da waya ke yi, wani mutum ne ya zauna ya rubuta mata umarni layi-layi, kuma wannan umarnin shi ake kira kod. Maganar ta tsaya mini a rai. Wane mutum ne? Da wane yare yake yi mata magana? In shi ya iya, me zai hana ni?

Ba ni da kwamfuta, ban ma taɓa zama gaban wata na daɗe ba. Wata tsohuwar waya ce da ni mai fasasshiyar fuska, da ita na koya. Da rani ina zama a wani shagon cajin waya kusa da kasuwar Zurmi, ina karɓa ina jonawa, in babu mutane in duƙufa da manyan yatsuna biyu. Sabis kuwa sai ya ga dama. Ranar da ya zo sai in sauke darussa gwargwadon abin da datata za ta ɗauka, in ya ɗauke in yi ta tauna su kamar akuya. Da damina in koma gida noma, bayan an yi girbi kuma ni ke kora tumakin innata cikin karan gona. Ƙarƙashin wata bishiyar bedi nake zama, ido ɗaya a kan dabbobi, ɗaya a kan waya.

To a nan ne na ɗauko wata ɗabi'a. A cikin kod dole ka ba kowane abu suna, kamar yadda ake yi wa buhu alama don a san abin da ke ciki. Ni kuwa tunda ni kaɗai ke rubutawa, ni kaɗai ke karantawa, duk abin da idona ya faɗa a kai shi ne suna. In adadi zan ajiye sai in ce masa tunkiya. Wani ya zama rago, wani igiya, wani turke. Ni dai na san kowa da aikinsa, wayar ma ba ta taɓa yi mini gardama ba. Ban san akwai wani aibu a ciki ba, don ban taɓa ganin kod ɗin wani mai rai ba, sai misalan da ke cikin darasi.

Kawuna ne ya kawo labarin gasar. Wasu malamai a Ƙaura suka haɗa ta don matasan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, kuma waɗanda suka yi nasara za a ba su kwamfutar tafi-da-gidanka. Ban iya ɓoye zumuɗina ba. Da na je neman izini, babana ya daɗe yana juya maganar, ya tambaye ni wace irin kokawa ce wannan da ba a taɓa jikin juna. Na yi iyakar bayanina. Daga ƙarshe ya ce in tafi, amma da sharaɗi ɗaya, irin wanda kowa a yankinmu ya sani: in fita da rana a sama, in dawo da rana a sama, kada yamma ta riske ni a hanya.

Da hantsi muka shiga ɗakin gasar. Kwamfutoci ne jere a kan dogayen tebura, janareta na ruri a waje. Na daɗe ina kallon mutane kafin in zauna. Ashe muna da yawa haka? Duk tsawon lokacin nan na ɗauka ni kaɗai ke wannan haukar a arewacin Zamfara. Ga wani da babbar riga kamar zai tafi ɗaurin aure, ga wasu 'yan mata uku da hijabi suna ta ƙus-ƙus, ga wani da ya fi ni kama da manomi. Sai na ji ina son in bi su ɗaya bayan ɗaya in tambaye su ta ina suka faro.

Babban alƙalin gasar, wani dattijo mai furfura a gemu da magana a hankali, ya karanta mana aikin. Za mu rubuta manhajar da za ta tsara zaman ɗalibai a ɗakin jarrabawa, yadda ba za a samu 'yan aji ɗaya sun zauna kusa da juna ba. Aikin bai ba ni tsoro ba. Abin da ya ba ni wahala shi ne madannan kwamfutar. Yatsuna sun saba da gilashin waya, sai ga ni ina farautar haruffa ɗaya-ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba, na kusa da ni kuwa yana zuba ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Duk da haka na lallaɓa. Dabarata ita ce in fara zaunar da ajin da ya fi yawa, ina tsallake kujera ɗaya, sannan in cike guraben da sauran. Kafin azahar na gwada, ta yi aiki. Na miƙe zuwa masallaci ina jin kwamfutar nan ta kusa zama tawa.

Da muka dawo daga salla sai dattijon ya ce kada kowa ya koma mazauninsa. An yi ƙuri'a, an haɗa mu biyu-biyu. Kowa zai zauna a kujerar abokin haɗinsa, ya ci gaba da kod ɗin da wancan ya rubuta. An kuma ƙara sharaɗi: ɗaliban da ba sa gani sosai dole a sa su a layin gaba. Makin mutum biyun za a haɗa, ko su ci tare ko su faɗi tare. Ba magana, sai tambaya ɗaya tak da aka yarda kowa ya yi wa ɗan'uwansa a gaban alƙali.

Wadda aka haɗa ni da ita ɗaya ce daga cikin 'yan matan nan, 'yar Shinkafi, daga baya na ji gidansu gidan malamai ne. Na zauna a kujerarta, na duba allon, sai na manta da gasa gaba ɗaya. Karo na farko ke nan da na leƙa cikin kan wani mutum. Kowane abu da sunansa na gaskiya, ɗalibi ɗalibi ne, kujera kujera ce. A saman kowane sashe ta rubuta ɗan bayani da Hausa, har ina jin muryar mutanen Shinkafi a ciki. Na yi ta bi ina mamaki, ashe haka wani ke tunani, ashe ana iya shiga matsalar nan ta wannan ƙofar. Can ƙasa na tarar ta bar wani gurbi ta rubuta cewa in an ƙara wani sharaɗi, a nan za a sa shi. Na sa nawa a wurin, ya zauna daram. Ban daɗe ba na gama.

Sai a lokacin na tuna abin da na bar mata.

Na ɗago kai na hango ta a ɗaya gefen ɗakin. Ta matso da fuskarta kusa da allo, ta ja baya, ta sake matsowa. Na ga ta rufe baki da gefen hijabi, kafaɗunta na girgiza. Daga nan dariyar ta ɗauke, ta dafe goshi. Gumi ya karyo mini duk da fankar da ke kaina. Can ta ɗaga hannu, dattijon ya yafito ni.

Ta ce, "Malam, don Allah mi an tunkiya?"

Na ce yawan ɗaliban ajin da ya fi kowanne girma ne.

Ta ce, "To ragon hwa?"

Dattijon ya ce tambaya ɗaya aka ce. Ya leƙa allon, ya karanta layin da na rubuta cewa in tunkiya ta fi rago a ɗaure ta a turke, ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya tambaye ni ko ina da tawa tambayar. Ba na bukatar komai game da aikin, amma akwai abin da ke cina. Na tambaye ta yadda aka yi ta san za a ƙara sharaɗi.

Ta ce, "Ban sani ba. Amma ban taɓa ganin an ba mutum aiki an bar shi yadda aka ba shi ba."

Na koma na zauna, hannu a ƙirji, ina kallon ta tana fama da garkena har lokaci ya cika. Ban taɓa jin zama ya yi mini tsawo kamar wannan ba. Ni na gama nawa saboda ta share mini hanya, ita kuma tana neman rasa kwamfuta saboda wasu tumaki da ba ta taɓa gani ba.

Da aka zo gwaji, alƙalai suka zuba wa kowace manhaja ɗalibai masu yawan gaske, fiye da duk abin da muka gwada da safe. Nata kod ɗin, wanda na ƙarasa, ya fara aiki ya yi ta juyi, ya ƙi fito da amsa har lokacin da aka ɗiba ya wuce, saboda dabararta ita ce gwada kowane irin zama ɗaya bayan ɗaya har a dace. Nawa kuwa kafin a ƙifta ido ya zaunar da kowa, sai dai masu raunin ganin ya watsa su ko'ina, wasu har layin ƙarshe, don ba ta samu ta ƙarasa ba. Ba mu ci ba. Wasu samari biyu 'yan Ƙaura suka ɗauki kyautar, muka tafa musu.

Na fito ina neman hanyar sulalewa tasha, sai na ji an ce, "Mai tumaki." Ita ce, tare da yayanta da ya rako ta, suna zaune a kan benci ƙarƙashin wata bishiya da kwanon shinkafar da aka raba. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ce ba ɓata kaɗai ta yi a ciki ba. Da ta gane abin da tunkiya ke nufi, sai ta hango cewa akwai wata dabara a ƙarƙashin shirmen, ta tsaya tana son ta fahimce ta, a nan rabin lokacinta ya tafi. Tana so in nuna mata dalilin da ya sa nake fara zaunar da babban aji.

Na ciro wayata mai fasasshiyar fuska. Yayanta ya matsa mini wuri, yana cin shinkafarsa yana kallonmu kamar masu wani yare. Na yi mata bayani, ta yi ta jefo tambayoyi, wasu ma ban taɓa yi wa kaina su ba. Muka sake rubuta abin daga farko, dabarar tawa, sunayen nata. Duk inda na kai hannu zan sa sunan wata dabba sai ta ce in faɗi abin da abin yake, ba abin da nake kallo ba. Muka gwada, ya zaunar da kowa daidai, masu raunin gani a gaba.

Ba mu lura ba ashe dattijon na tsaye bayanmu. Ya karɓi wayar, ya bi layukan da yatsa, ya tambaye ni ko a kan wannan na koyi komai. Na ce e. Ya ce kyauta dai an riga an bayar, ba ya da ikon sake ta. Amma ɗakin kwamfutar nan yana zama a buɗe duk ranar Asabar da safe, in za mu iya zuwa zai faɗa wa mai kula da shi ya bar mu mu shiga. Ya ƙara da cewa in zan zo in bar dabbobin a gida.

Na duba sama na ga rana ta karkata, na yi musu sallama na ruga tasha. Da ƙyar na samu gurbi a motar Zurmi, gwiwoyina a haɗe da buhun wani. Duk hanya ban ji zafin rashin kyautar ba kamar yadda na zata. Kaina cike yake da tambayoyinta da ban amsa da kyau ba, ina ta juya su har muka shiga gari.

Na yi ta zuwa ranakun Asabar ɗin nan na tsawon lokaci, ita ma haka, da wasu da suka ji labari suka biyo mu. A ɗakin ne yatsuna suka saba da madannai, a nan kuma na saba da miƙa aikina ga wani in ce ya karanta ya faɗa mini inda ya ɓata.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kwamfuta ba ta damu da abin da ka kira abu ba, za ta bi ka ko da shirme ka rubuta mata. Mutumin da zai zauna a kujerarka bayan ka tashi shi ne abin ji. Duk ƙwarewar da wani ba zai iya ɗauka ya ci gaba da ita ba, rabinta ce kawai a hannunka. Shi ya sa har yau, kafin in ce na gama wani aiki, sai na tambayi kaina ko baƙon da bai taɓa ganina ba zai gane abin da nake nufi, ba tare da ya ɗaga hannu an kira ni ba.