Wuyan Abokina da Muka Ɗauka Kunya Ce

Shekarun baya, wata Laraba da hantsi a farkon shekarun saba'in, mu uku muka shiga ɗakin likita a Wad Madani: ni, abokina da mahaifiyarsa. Hannuwansa ne suka kai mu. Ana tsakiyar tsinkar auduga a hawashar babansa, wato gonarsa ta haya, yatsunsa suka daina riƙe komai, ƙafar hagu ma ya fara jan ta.

Wuyansa kuwa bai zo mana a rai ba. Tun muna samari kansa a sunkuye yake, kuma duk ƙauyen an san dalili: kunya. Mahaifiyata ta sha yi mini gori da shi. "Dubi ɗan mutane! Kai kuwa kana kallon babba kamar za ka saye shi." Har na taɓa kwaikwayon tafiyarsa, na yi karo da jaki, na haƙura.

Likitan ya sa shi ya tuɓe riga. Bayansa duk tabo ne masu launin shayi da madara, da ƙananan ƙululu masu taushi. Ya kalli damtsen mahaifiyar, ya ga irinsu.

"Wannan na gidanmu ne," in ji ta. "Babana ma da shi ya mutu, bai hana shi noma ba."

Likitan ya juya ga abokina. "Ɗaga kanka, ya zol," in ji shi, wato bawan Allah.

"Iyakarsa ke nan, likita."

"Kunyarka yake ji," in ji mahaifiyar.

"A'a, Inna. Ba ya ɗaguwa ne. Ya daɗe."

Hoton ƙashi ya nuna sauran. Ciwon gadon nan ya cinye ƙasusuwan wuyan, sun lanƙwashe suna danne lakar da ke cikinsu. In aka bar shi, zai kwanta gaba ɗaya. In aka yi aiki ma, likitan bai ɗauki alkawari ba.

A Khartoum aka yi. Da farko suka maƙala wani ƙarfe a ƙoƙon kansa, suka rataya masa nauyi, suna ƙarawa kaɗan-kaɗan har wuyan ya ɗan miƙe. Sannan suka yanko ƙashi daga ƙugunsa suka dasa a wuyan, suka rufe shi da filasta daga kai har ciki. Ni dai tambaya ta hana ni zama. Ta yaya ƙashin ƙugu zai yarda ya zauna a wuya? Wani ma'aikacin jinya da na dame shi da tambaya ya ce, "Ba ku yi wa lemo aure a ƙauyenku? To, haka." Abokina daga kwance ya ce, "Ku ba shi gado kusa da ni, ya fi ni buƙata."

Ya dawo gida kansa a tsaye, wuyan ba ya sunkuyawa, ba ya waiwaye. Kawunsa ya dube shi ido cikin ido karo na farko, ya ce, "Sun gyara wuya, sun ɓata yaro."

Har yau abin da ke ba ni mamaki shi ne, shekaru muna yabon ciwonsa, babu wanda ya taɓa ce masa ya ɗago kai.

Hannun dama ya warke, na hagu bai dawo duka ba. Da kaka ta zagayo ya shiga tsinkar auduga. In zai gaida manya kuwa, durƙusawa yake yi ya runtse ido.