Bangon da Hajiya Larai ta taɓa mini

Har yau ranar da Hajiya Larai ta kira ofis daga birnin Lyon na Faransa ba ta bar raina ba. A hutun ƙarshen shekara ne, ina aji huɗu na sakandare, ina aiki a ɗan kamfanin tafiye-tafiye na Anti Rabi, ƙanwar Mama, a saman wani kantin yadi da ke titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, a nan Malesiya.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba: idan ayari zai tafi yawon buɗe ido, Anti Rabi ce ke raka su, wani kuma ya tsare wayar ofis ko da wani abu zai taso. Kafin tafiya akan tara matafiyan a nuna musu garin a kwamfuta. Wannan ne aikina, kuma ya yi mini, don ba sai na kalli idon kowa ba.

Ta haka na san Lyon. Na san farin cocin da ke kan tudu, da tsohon filin wasan Rumawa mai matakalar dutse. Amma abin da ya kama zuciyata wasu lunguna ne da suka ratsa cikin tsofaffin gidaje, inda masaƙa ke bi da siliki don kada ruwan sama ya jiƙa shi. Akwai wani mai jan bango da 'yar hasumiya. Na kalli hotonsa har na san inda fentin ya ɓare. Na roƙi Baba in bi ayarin, ya ce sai na gama makaranta.

A cikin matafiyan akwai Hajiya Larai, dillaliyar yadi daga Kano, wadda ɗanta ke koyarwa a jami'ar da ke nan kusa da unguwar Taman Melati. Ciwon gwiwa na damunta, amma bakinta lafiya lau. Ina cikin bayani ta katse ni: "Ke 'yar Malesiya, sai gine-gine kike nuna mana. Ina kasuwa?"

Da aka watse na bi Hajiya har bakin matakala.

"Hajiya, don Allah in kun je lungun nan, ki taɓa mini bangon. Ki gaya mini yadda yake."

"Bango? Mutane na aiken turare, ke sai bango?" Ta yi dariya ta sauka, ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba.

Ranar zuwa lungun ina ofis ni kaɗai. Bayan la'asar, can hantsi ke nan, Anti Rabi ta kira. Sun shiga gidan tarihin masaƙa, Hajiya ta miƙa hannu ta saman igiyar da aka gitta ta murza wani tsohon siliki, mai gadi ya taso mata. Ina jiyo ta daga baya tana faɗa: "Yo ta yaya za a san siliki ba a murza ba?" Anti ta ce ran Hajiya ya ɓaci, gwiwar ma ta motsa, za ta koma mota ta zauna.

Na ce, "To, Anti." Shinkafar da na yi tapau, wato na sayo a ƙunshe, daga shagon abinci na ƙasa ta huce a gabana, ban buɗe ba.

Dab da magariba wayar ta sake ƙara, kiran bidiyo. Haɓar Hajiya na fara gani, tana haki. Sai hoton ya juya: hannu mai lalle da zoben azurfa, a kan jan bango, kusa da inda fentin ya ɓare.

"Nan dai babu mai gadi," in ji ta. "Ga bangonki."

"Yaya yake, Hajiya?"

Ta shafa a hankali, yadda take wa yadi. "Sanyi. Da ɗan kaushi. Kamar randar tsakar gidanmu da sassafe. Kin gane?"

Ni kuwa ina goye aka kawo ni ƙasar nan.

"Hajiya, ban taɓa taɓa randa ba."

Sai na ji ta ce, "Rabi, kun cuci yarinyar nan." Sannan ta kusanto da fuskarta. "Kafin Faransa, Kano za ki fara zuwa. Randar na nan, ba ta zuwa ko'ina."

Da ta kashe wayar na ɗora tafina a bangon ofis. Ɗumi ne, santsi ne, bai gaya mini komai ba.

A wannan sana'a hotuna muke nunawa, amma ba hoto ke sa mutum ya hau jirgi da ciwon gwiwa ba. Yanzu idan na gama nuna gari, nakan daure in ɗago kai in tambayi matafiyi abin da yake so ya taɓa in ya isa. Ni nawa biyu ne, kuma har yanzu ban taɓa ko ɗaya ba.