Gwajin Malaman Taki

Shekarun da Nasara sunka fara auna gonaki, anka yi shela cikin Sakkwato ana neman samarin da sunka iya lissafi, a ɗauke su malaman taki, masu bin gona da ƙafa suna ƙidaya. Lokacin idon maigidana ya mutu, ɗalibansa sun watse, gero sai wanda 'yan'uwa sunka aiko. Ɗana na fari ne kaɗai abin dubawa. Ni ban yi karatu ba, amma na san abin da na haifa. Rabon gado da ka yake yinsa, tun ubansa bai rufe baki ba.

Ya tafi gwajin da safe, ya dawo bayan azahar. Ɗan fari ne, ba ni tambayarsa kome, sai na tsaya bayan zana ina tankaɗe, ina jin abin da yake gaya wa ƙanena, kawunsa. Wai in ka ba da amsa, sai Baturen da ke gwajin ya sa tafinta ya tambaye ka ko ka tabbata. Shi kuwa duk amsar da ya ba da, sai ya bi ta da Allahu a'alamu. Haka ubansa ya koya masa, haka kowane ɗan malam yake rufe magana a garin nan, ko da sunan kakansa anka tambaye shi.

Da ba a ɗauki yaron ba, kawun ya bi tafinta har gida. Tafinta ya ce amsoshin duk daidai ne, amma wurin Baturen, amsar da mai ita bai tsaya mata ba dace ce kawai, rabin lada take ci. Da roƙo da goro anka samu a sake gwada shi.

Ranar komawa na ji kawun yana cewa, “Kai yaro, ko mi anka tambaye ka, ka ce tabbas. Ka bar istigfari sai ka dawo gida.”

Raina bai so ba. Amma wace uwa ke sa baki ga sha'anin ɗan fari?

Ya kuwa bi maganar kawunsa. Can tsakiya anka kawo lissafin wata gona mai kusurwa da bai taɓa gani ba, ya laluba, ya ce tabbas. Ashe kuskuren da anka yi da tabbaci ya fi na mai shakka nauyi. Baturen ya ce wanda ke rantsuwa kan abin da bai sani ba zai ɗora wa talaka harajin da ba nasa ba. Haka anka sallame shi, ba aiki.

Kafin damina ya bi fataken jar fata zuwa Kano. Na daka masa fura na ba ƙanwarsa ta miƙa masa a zaure, don ko rakiya ba ta kamace ni ba.