Tafin Hannu a Kan Batir

Ina jiran a ɗinke mini takalmi na hango wata mai gyaran batir a shagon da ke kallonmu. Siririya ce, gilashinta ɗaure da zare, bayan hannunta duk tabon ƙuna. A gabanta wani mai babur ne dogare da sanda. Wata tara yana jinyar karaya, batirin litiyam na babur ɗinsa mai lantarki yana yashe a ɗaki.

"Yaya, sa masa babbar caja mana. Gobe nake son komawa aiki, gidan ba komai."

"Kai da aka kwance maka ɗauri, da gudu ka fara?"

Tana juya batirin, tana shafa gefensa ko ya kumbura, har shinshina shi take yi. Ta jona ƙaramar caja, ta ɗora tafinta a kansa kamar uwa mai duba zazzaɓi. An gama takalmina, na kasa tafiya. Ga bokitin yashi na kashe wuta kusa da ƙafarta. Tabon nan, ina jin, ba na girki ba ne.

Can lamba ta motsa a mita. Mutumin ya sauke numfashi.

"Ya farka," in ji ta, ba ta ɗaga hannun ba. "In za ka sake karyewa, bar masa rabin caji."